Man ƙulin wani shago a wajen Ƙofar Ƙaura, daga kwalba har zuwa hanji

Tun da na ajiye aikin koyar da kimiyya a makarantar sakandare, cefanen gida ya dawo hannuna kacokan, kuma a cikin cefanen babu abin da ya fi wahalar da ni kamar mai. A Katsina, kamar sauran garuruwanmu, duk farin man da aka ɗura a kwalba sunansa man gyaɗa, ko da kuwa bai taɓa haɗa hanya da gyaɗa ba. Da yawa daga abin da ake aunawa daga jarkoki masu ruwan ɗorawa a kasuwa manja ne da aka tace a masana'anta, aka cire masa launi da ƙamshi, aka ware ɓangarensa mai ruwa-ruwa, wani kuma na waken suya ne, wani gauraye ne. Wannan ba guba ba ne, amma mai saye yana da haƙƙin ya san abin da ya ba da kuɗinsa a kai. Shi ya sa da wani maƙwabcina ya yi mini kwatancen wani shago a wajen Ƙofar Ƙaura inda ake matse gyaɗa a gaban idon mai saye, na je na gani, kuma yau wata bakwai ke nan ina sayen man gidana a wurin, tun daga kaka har bazara ta kama.

Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin hanya, sai wani fili a bayansa inda aikin yake. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, wanda kowa ke kira Alhaji, yana sayo gyaɗarsa daga kasuwannin ƙauye irin su Mashi da Mai'aduwa da Charanci. Mata huɗu ko biyar suna zaune a kan tabarma suna tsince ruɓaɓɓu da waɗanda suka yi baƙi, sannan a soya gyaɗar a cikin wata ganga da ake juyawa a kan wuta, a murje ɓawon, a sheƙe, a niƙa, a zuba kullun a injin tuƙi ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso sama. Hanyar da iyayenmu mata suke bi ce da turmi da taɓarya, inji kawai ya karɓi wahalar. Tunkuzar da ta rage masu ƙuli-ƙuli da masu tsire ne ke kwashe ta tun kafin ta huce, man kuma a bar shi a cikin duro ya kwana biyu ko uku, laka ta kwanta, a tace da farin ƙyalle. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma wannan hanya ba ta tatse shi duka, kuma dalilin da ya sa ƙuli-ƙulin wurin yake da garɗi ke nan.

Man da kansa launinsa kamar na zuma ne mai haske, ƙamshin soyayyiyar gyaɗa yana tashi da zarar an buɗe murfi, kuma a gindin kwalba akan ga ɗan gari-gari ya kwanta. A kan shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale, inda ake zuba mai ba tare da an wahalar da shi a wuta ba, ban ci wanda ya kai shi ba a shekarun nan. Uwargida ta ce rabin abin da take zubawa na jarka yana isar ta, domin ƙamshin ya riga ya cika abincin, kuma wannan kaɗai ya rage zafin tsadarsa, don kuwa ya fi na jarka kuɗi a fili. A kasko ne halinsa ya bambanta. Yana kumfa a karon farko, saboda ragowar danshi da wasu sinadarai masu danƙo da tacewar masana'anta ke cirewa, sai an ɗan dafa shi da albasa kafin ya natsu. Yana kuma saurin hayaƙi, domin man gyaɗar da ba a tace ba yakan fara ƙonewa a wajen digiri 160, tatacce kuwa yakan jure har wajen 230. Mai suyar ƙosai ko awara da ke barin kasko a kan wuta tun asuba har hantsi ba za ta ji daɗinsa ba, kuma ba zan ba ta shawarar ta saya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya faru ne da sanyin hunturu. A kan kantar ɗakin girki akwai kwalabe huɗu: manja, man shanun da wata Bafulatana ke kawo mana, ragowar man jarka, da man shagon nan. Wata safiya a watan Janairu na tarar manja ya yi barci har sai an tsoma kwalbar a ruwan zafi, man shanu ya daskare kamar sabulu, na jarka ya tara farin tsaki-tsaki a gindinsa, man ƙulin kuwa ya ɗan yi kauri ne kawai, yana zuba yadda ya saba. Wannan barci da mata ke magana a kai shi ne darasin da na yi shekaru ina zanawa a allo yara suna hamma.

Kowane mai da muke ci, na tsiro ko na dabba, ƙirarsa ɗaya ce. A ɗauki cokali mai yatsu uku: gindin da yatsun suka fito daga gare shi wani ɗan ƙaramin sinadari ne mai suna gilisarol, yatsun uku kuma dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin ya lulluɓe, waɗanda ake kira asid ɗin mai. Gaba ɗayan cokalin shi ne tiraigilisaraid. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, shi ya fara warware wannan ƙira a farkon ƙarni na 19 ta hanyar nazarin sabulu, kuma matan da ke dafa mai da ruwan toka su yi sabulun salo aikin da suke yi ke nan, suna ɓalle yatsun daga gindin cokalin. Bambancin mai da mai yana cikin yatsun ne, tsawonsu da kuma miƙewarsu. Idan kowane kabon a sarƙar ya ƙoshi da haidurojin, sarƙar takan miƙe sak, kuma miƙaƙƙun sarƙoƙi suna jeruwa su matse juna kamar damin karan dawa, sai mai ya daskare. Idan kuwa an sami wurin da haidurojin ya gaza, kabon biyu sukan riƙe juna da ɗauri biyu, sarƙar ta lanƙwashe a nan, kuma duk wanda ya taɓa ɗaure karkatattun ƙirare ya san ba sa haɗa jiki, sai man ya zauna a ruwa.

Da wannan ma'auni kwalaben nan huɗu suka bayyana kansu. Kusan rabin sarƙoƙin manja miƙaƙƙu ne, mafi yawansu wanda ake kira falmitik mai kabon 16. Man shanu ya fi haka, wajen kashi biyu cikin uku, ga kuma wasu gajerun sarƙoƙi irin su butirik mai kabon 4 da ke ba shi ƙamshin da muka san shi da shi a kan tuwo. Alayyadi, wanda ake matsa daga ƙwallon kwakwar manja, ya zarce kashi 80 cikin 100. Man gyaɗa kuwa miƙaƙƙunsa ba su cika kashi ɗaya cikin biyar ba, kusan rabinsa oleyik ne mai lanƙwasa ɗaya, irin wanda ya cika man zaitun da ake ta yabo, wajen kashi 30 kuma linoleyik ne mai lanƙwasa biyu. Wannan na ƙarshe jiki ba ya iya ƙera shi, dole sai an ci, abin da George Burr da matarsa Mildred suka gano a Amurka a 1929 lokacin da suka hana ɓeraye mai gaba ɗaya, fatarsu ta yi saɓa, girmansu ya tsaya. Ɗan'uwansa mai lanƙwasa uku, na dangin omega 3, kusan babu shi a gyaɗa, sai a man waken suya, dogayen danginsa kuma a kifi mai maiƙo irin sadin da taitus, saboda haka kada gidan da ke cin man ƙuli ya ɗauka ya gama da kifi. Ya kamata in ƙara da cewa wannan gwajin sanyi ba hujja ba ce yankakkiya, domin idan aka sa man gyaɗa na ainihi a firij shi ma yakan yi gajimare ya kafe, saboda 'yan wasu sarƙoƙi masu tsawon kabon 20 zuwa 24 da ke cikinsa. Sanyin ɗaki da hunturu ne yake raba su, ba na firij ba.

Inda muka saɓa da Alhaji shi ne wajen talla. Ranar da na fara zuwa ya ɗaga kwalba ya ce mini, "Malam, wanga mai ba shi da kwalastaral ko kaɗan, kuma ba ya sa ƙiba, ko kofi guda ka sha." Na ce masa, "Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma kasuwa ce." Ya yi dariya ya ce ai shi ma haka ya ji ana faɗa. Gaskiya ne babu kwalastaral a mansa, amma babu shi a manja ma, babu a man riɗi, babu a man kaɗanya, domin wannan sinadari a jikin dabba ake samunsa, a ƙwai da hanta da kitse da man shanu, kuma mafi yawan wanda ke yawo a jininmu jikinmu ne ya ƙera shi da kansa, hanta ce kan gaba a aikin. Abin da abinci ke yi shi ne ya tunzura hanta ko ya lallashe ta: yawan miƙaƙƙun sarƙoƙi yana ɗaga irin kwalastaral ɗin da ke liƙewa a bangon jijiyoyin jini, maye gurbinsu da lanƙwasassu kuma yana saukar da shi. Ta nan man Alhaji yake da abin tinƙaho na gaskiya, amma ba shi yake faɗa ba. Batun ƙiba kuwa babu gaskiya a ciki. Giram ɗaya na kowane mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), alhali na sitaci ko furotin 4 ne, babban cokali ɗaya kuma wajen kalori 120 ne, ko na ƙuli ne ko kakide. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, miƙaƙƙen kuma kada ya kai kashi 10. Ga mai cin kalori 2000 wannan bai wuce babban cokali biyar ba, har da maiƙon da ke ɓoye a nama da gyaɗa da ƙosan safe. Duk wanda ya ga yadda ake malala mai a kan garau-garau a gidajenmu ya san muna wuce wannan iyaka kafin azahar.

Akwai kuma masu cewa man ƙuli yana da nauyi a ciki, yana daɗewa bai sauka ba. Wannan halin kowane mai ne, kuma dabara ce ta jiki. Duk abin da ke narkar da abinci a cikinmu a ruwa yake aiki, mai kuwa ba ya shiri da ruwa, don haka sai an bi da shi ta wata hanya. A baki da tumbi aiki kaɗan ake yi, wani inzayim, wato sinadarin narkar da abinci, mai suna laifes yana ɗan taɓa shi, tumbi kuma yana ta dama shi ya farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo. Da zarar ya leƙa farkon ƙaramin hanji, bangon hanjin yakan saki wani sinadarin saƙo cikin jini, wanda ke yin abu uku a lokaci guda: ya umarci tumbi ya rage saurin turo abinci, ya matse matsarmama, ya kuma tayar da fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi wadda take ƙera insulin. Umarni na farko shi ne nauyin da ake ji, kuma shi ya sa mai sahur da abinci mai ɗan maiƙo yake daɗewa bai ji yunwa ba fiye da wanda ya sha koko zalla.

Matsarmama ita ce 'yar jakar nan koriya da mahauta ke cirewa a hankali daga jikin hanta don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ba ita ke ƙera ruwan ɗacin ba, hanta ce, ita ajiya kawai take yi tana kuma tsane shi ya yi kauri. Gishirin da ke cikin wannan ruwa, wanda daga kwalastaral ɗin nan da ake tsoro hanta ke yin sa, fuska biyu gare shi, ɗaya tana son mai ɗaya tana son ruwa, daidai da sabulun da ake wanke kwanon miya da shi. Yakan kewaye ɗigon mai ya hana su sake haɗewa, sai laifes ɗin fankiriyas ya sami wurin kamawa, ya yanke yatsa na farko da na uku daga cokalin, ya bar na tsakiya a maƙale da gilisarol. Waɗannan gutsattsarin gishirin ɗaci ne ke tattara su cikin wasu ƙananan ƙullaye ya kai su bangon hanji. A cikin ƙwayoyin bangon sai a sake ɗinke cokalin kamar yadda yake, a naɗe shi da rigar furotin, a tura shi cikin wasu siraran jijiyoyi masu ɗauke da farin ruwa maimakon jini, waɗanda ke haurawa ta ƙirji su juye kayansu cikin jini a kusa da ƙashin wuya na hagu. Gajerun sarƙoƙi irin na man shanu da matsakaita irin wasu na alayyadi su ne ke samun rangwame, da yawansu suna shiga jini kai tsaye su nufi hanta. Lafiyayyen hanji yana tsotse wajen kashi 95 cikin 100 na man da aka ci, gishirin ɗacin ma a ƙarshen ƙaramin hanji ake karɓe mafi yawansa a mayar wa hanta ta sake aiki da shi. Tare da man ne bitamin A da D da E da K suke samun shiga, saboda haka cokalin man da aka zuba a kwaɗon zogale ko rama shi ne ke buɗe wa abin da ke cikin ganyen ƙofa, kuma wanda ya ci ganyen gaya ya yi asarar wani kaso nasa.

Yanzu ga abin da ban ji daɗinsa ba a shagon. Lanƙwasar nan da ta sa man gyaɗa ya fi dacewa da jijiyoyin jini ita ce kuma rauninsa, domin a daidai ɗauri biyun nan iskar oksijin take kai hari, haske da zafi kuma suna hanzarta ta. Alhaji yana jera mansa a cikin fararen robobin ruwan sha da aka riga aka yi amfani da su, a kan tebur a bakin hanya, ranar Katsina tana dukansu tun safe har la'asar. A watan Afrilu na ɗauki ɗaya daga cikin na teburin saboda ina sauri, kuma kafin mako biyu ya fara warin tsohon mai yana maƙaƙi a maƙogwaro. Babu kwanan wata a jikin ko ɗaya, babu yadda mutum zai san wadda aka ɗura jiya da wadda ta yi wata. Da na koma na yi ƙorafi bai yi musu ba, ya sa yaronsa ya canza mini daga duro, yaron ma har da cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ta gaban ce na miƙo maka." Amma teburin yana nan a rana har yau, domin a cewarsa in ba a ga mai yana ƙyalli ba, ba a tsayawa.

Na biyu, dokar ƙasar nan tun 2002 ta wajabta wa masana'antu ƙara bitamin A a man girki, shi ne hoton idon da ake gani a jikin galan, man ƙuli kuwa ba shi da wannan ƙari. Gidan da ke da ƙananan yara, idan ya koma kansa kacokan, sai ya riƙa haɗawa da jan manja wanda ba a soya shi har ya yi fari ba, domin jan launin nan shi ne abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, kuma doguwar suya tana kashe shi. Na uku ya fi nauyi. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya takan kama wata fumfuna da ke fitar da gubar afulatoksin, wadda aka fara ganowa bayan mutuwar talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Gubar tana lalata hanta sannu a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, suya kuma ba ta gamawa da ita. Mafi yawanta a tunkuza take zama, tacewar masana'anta kuma tana cire wadda ta bi mai, amma man da ba a tace ba yana iya ɗaukar wani abu. Tsintar da matan nan ke yi ita ce kariyar da shagon yake da ita, kuma na tsaya na kalle su fiye da sau ɗaya, ba sa ha'inci. Sai dai ido ba ya ganin komai, kuma na tambayi inda ake kai tsintattun, aka ce mini masu kiwon kaji ne ke saye, abin da bai kwantar mini da hankali ba.

Abu ɗaya da ba a tsoro a nan shi ne man da aka daskarar da gangan. Masana'antu sukan cusa wa ruwan mai haidurojin don ya yi tauri ya daɗe a kanti, a garin haka wasu sarƙoƙi sukan murɗe su miƙe alhali ɗauri biyun yana nan, kuma wannan nau'i, da ake kira tirans, ya fi kowane mai illa ga zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abincin duniya, Nijeriya kuma ta ƙayyade shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai a dokar da ta fito a 2023. Injin tuƙin Alhaji da ruwan zafinsa ba su da hanyar ƙera irin wannan.

Yanzu yadda nake yi shi ne in je ranar da ake tuƙi, in wuce teburin bakin hanya ban ko kalle shi ba, in miƙa wa yaron wata baƙar jarka mai lita huɗu da na wanke na shanya ta bushe ƙarau, ya ɗura mini daga duron da ya kwana uku a inuwa. Abin da zai ishe mu wata ɗaya kawai nake saye, in ajiye shi a ƙarƙashin kanta nesa da murhu, a rufe. Na miyar yau da gobe da na zubawa a kan abinci daga nan ake ɗiba, ranar da uwargida za ta yi doguwar suya ta cincin ko ƙosan sadaka kuma sai in sayo mata galan ɗin tatacce mai hoton ido.